Ƙaramar Rana a Ɗakin Babanki

Auta 'yata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina.

Jikin Babanki da sauƙi, sai dai hannun dama bai tashi ba, maganar ma sai a hankali. Shirunsa ne ya fi damuna. Kin san na'urar nan tasu ta ƙetare, wadda suke son kunna irin wutar rana a cikinta don a samu lantarki. Lissafin da ya tsufa a kansa za a gwada a watan nan, likita kuma ya hana shi tafiya. Tun da ya ji ya juya wa kowa baya.

Jiya Dogo, tsohon ɗalibinsa da ya zama farfesa, ya zo da ma'aikata suka huda mini bango, suka jawo waya har bakin gado. Wai ta kwamfuta Babanki zai ga duk motsin na'urar nan take. Ni dai na share ƙurar. Ki taya mu da addu'a.

Mamanki.

Auta 'yata,

Ina gajiyar yara? Allah ya raya mana su.

An yi gwajin da hantsi. Na jingina Babanki da filo, fuskokin abokan aikinsa daga ƙasashe daban-daban suka cika allon kwamfutar, kowa na gaishe shi. Da aka kunna, wani haske ya zagaya kamar zobe, ya mutu nan da nan. Babanki ya ƙura wa layukan sakamakon gwajin ido, sannan ya fara danna lambobi da hagu yana aika musu gyara. Auta, duk manyan nan suka tsaya suna jiransa, ba wanda ya gaggauta shi. Ni na riƙe masa gwiwar hannu.

Suka bi lambobinsa, aka sake kunnawa. Hasken ya tsaya, ya yi ta ci har na manta da tukunyata. Wata dattijuwa a can ta cire tabarau tana share ido. Da suka fara tafi, sai ya jawo ni gaban kyamara, da zanen girkina da komai, ya ɗaga hannuna sama. Kunya kamar in nutse, amma ban janye ba.

Sun sa shi a taron mako mai zuwa. Ya ce in kira wanzami.

Ki gaida mutanen gidan.

Taki har kullum,
Mamanki.