Kaset ɗinka da Yaya Bashir Ya Shafe

Zuwa ga maigidana Abu Hanan,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan Allah ya sa kana cikin ni'ima a inda kake. Mu nan unguwar Nuzla muna lafiya. Ka san ban saba da dogon rubutu ba, amma wannan karon sai na yi, kuma zan ajiye shi a fili inda duk wanda ya san ka zai karanta.

Ranar da na fita takaba na gane abin da aka yi maka. Na yi wanka, na shafa turare, na jawo akwatin kaset ɗinka daga ƙarƙashin gado. Duk tsawon takabar ban buɗe shi ba, na ce ba zan ji kiɗa ba sai na fita. Na ɗauki wanda ka rubuta Abhur a bayansa da jan biro, na sa a tsohuwar rakodarka, na zauna ina jiran fiyanonka. Sai na ji muryar wani malami yana wa'azi a kan azabar kabari. Na ɗauka kaset ɗin ne ya gauraya da na wani. Na cire, na sa wani. Malamin ne dai. Na sa na uku, shi ne dai.

Sai na juya kaset ɗin, na ga salatef. Kai ka nuna min cewa duk wanda ka gama ɗauka kakan karya masa kunnuwan nan na sama, don kada a yi naɗi a kansa bisa kuskure. An bi kowane ɗaya an liƙe ramin da salatef, a tsanake, an mayar da shi gidansa, rubutun hannunka na nan a jiki. A nan na gane da gangan aka yi.

Yayanka ne, Yaya Bashir. Da hayar ɗakin kiɗanka na unguwar Waziriyya ta ƙare ina cikin takaba, ba ni da halin fita, shi ya ce zai je ya kwashe kayan. Fiyanon ya ce ya lalace, ya kai shi kasuwar tsofaffin kaya. Akwatin kuwa ya riƙe shi makonni kafin ya kawo. Ranar da ya kawo har na sa 'yarmu Hanan ta dafa masa shinkafa da kifi. Na yi masa godiya ta bayan labule, na ce Allah ya bar zumunci.

Abu Hanan, aikin shekara arba'in ne a cikin akwatin nan.

Kai ka ba ni labarin yadda ka fara. Kana saurayi kana tuƙa wani Bature a Abhur, can bakin teku, akwai fiyano a falonsa, matarsa ba ta taɓa shi sai dai ta ɗora furanni. In sun tafi hutu kai ke gadin gidan, ka riƙa sa fayafayansa kana bi da yatsa ɗaya. Da ya dawo ya kama ka, bai kore ka ba. Ya ce kiɗan sunansa rok an rol, kuma ba a zaune ake yinsa ba. Tun daga nan ba ka ƙara zama a kujera kana kiɗa ba.

Ka yi wa Turawan kamfanoni kiɗa a cikin gidajensu masu dogon katanga, lokacin da ba a yarda a ji kiɗa a waje ba. Kakan fita da rigar direba, farar kwat ɗinka na naɗe cikin buhun shinkafa. Ba ka taɓa ganin sunanka a jikin takarda ba, don iƙamarka, takardar zaman baƙo a ƙasar nan, direba ta ce, kuma kafilinka, ɗan ƙasar da ya tsaya maka, ya gargaɗe ka. Kaset ɗin a ɗakin Waziriyya kuka riƙa ɗauka, kun liƙe bango da kwalin ƙwai, kai da Usman ɗan Sudan mai ganga. Ba a sayar da su a shago ba. Direbobi da ma'aikatan jirgin ruwa ne suka riƙa karɓa hannu da hannu.

Sau ɗaya ka kai ni ɗakin, muna sabon aure. Na zauna a kan gwangwanin fenti. Hannunka na hagu yana tafiya kamar jirgin ƙasa, na dama yana tsalle, gumi ya jiƙe maka riga. Na rufe fuska don kunya, amma ƙafata ta ƙi tsayawa. Ka gani, ka ce, "Halas, shi ke nan, na kama ki." Wannan kiɗan ka ɗauke shi ran nan, har da dariyata a ƙarshe. Shi ma malamin yana kansa yanzu.

Da aka buɗe gari aka fara kiɗa a fili, ciwon suga ya riga ya kumbura maka yatsu. Mun wuce wani gidan abinci a bakin teku, wani yaro na taɓa fiyano, ka tsaya ka saurara, ka ce, "Hannun hagunsa barci yake yi." Ka yi dariya, muka shiga mota muka dawo gida. Daga baya ka ce min, "Ba komai, yana cikin akwati. Wata rana jikoki za su ji."

Ba za su ji ba. Yayanka ya tabbatar da haka.

Na aika aka kira shi. Ya zo da carbinsa, ko zama bai yi ba. Ya ce ya yi ne don ya sauƙaƙa maka kwanciyar kabari, kuma duk lokacin da na saurari wa'azin kai za a rubuta wa lada. Ya ce, "Mace ba za ta gane ba." Ni ba da wa'azi nake faɗa ba, Allah ya sani. Kai ma ba ka taɓa barin sallar asuba ta wuce ka ba, ko da daga wajen kiɗa ka dawo. Da ya ce haramun ne ya bar min in yanke da kaina, ni da Allahna, da ban ce komai ba. Amma ya zauna makonni, yana yanka salatef, yana danna maɓalli, yana kashe ka kaɗan kaɗan, sannan ya ci kifina.

To ga abin da ya manta na sani, kuma ku da kuke karantawa ku ji. Muryar da ke waƙa a kaset ɗin farko-farko, ta Yaya Bashir ce. Shi ke ɗaukar muku lasifika, shi ke rera Turancin da bai san ma'anarsa ba, shi ke ihu in ka hau saman fiyano da gudu. Kafin ya tara gemu, kafin a fara tura shi gaba in liman bai zo ba, Turawan Abhur sun san rawar kafaɗarsa. Ba kabarinka ya ji wa tsoro ba. Kansa ya shafe, ya haɗa da kai. Da nasa kaɗai ya cire, da ya bar mana sauran, amma bai iya sauraro ya tantance ba, don kada kunnensa ya tuna.

Yanzu yana kwance a asibiti, ƙoda ta tsaya. Jiya matarsa ta zo, ta zauna a bakin ƙofa tana kuka, ta ce yana neman in yafe masa kafin ta Allah ta kasance. Hanan ma ta ce, "Ummi, yalla, ya isa haka, ki bar wa Allah." Na ba matar ruwa ta sha, don ita ba ta yi min komai ba. Na ce ta faɗa masa sharaɗi ɗaya ne. Waƙoƙin nan duk ya haddace su, na sani. Ya tara mutanen masallacinsu a gefen gadonsa, ya ce musu shi ne mai waƙar, ya rera ko ɗaya, a ɗauka a waya a kawo wa jikokinka. In ya yi, na yafe. In bai yi ba, mu haɗu a can, kai ma kana wurin. Na san an ce mai yafiya yana da lada. Na bar masa ladan ya haɗa da wanda ya ce ya tara maka.

Kada ka ji haushina, Abu Hanan. Na san kai da ka yi dariya ka ce Yaya ke nan. Kullum kai ne mai sanyin zuciya, ni ce mai riƙo. Kewarka ce ta yi min yawa. Wani lokaci ina tsintar shinkafa sai in ji yatsuna na buga gefen tire yadda kake yi in kana jiran shayi, in yi ta ƙoƙarin kamo kiɗan ran nan na Waziriyya. Farkon yana zuwa. Tsakiyar ta fara ɓace min, kuma babu wanda zan tambaya.

Usman mai ganga ya tafi da wasu kaset ɗin lokacin da ya koma Sudan. Tun da fitina ta tashi a can lambarsa ba ta shiga. Wanda ya san inda yake, ko yake da kaset mai rubutun jan biro a cikin tsofaffin kayan babansa, don Allah ya neme ni.

Allah ya haskaka kabarinka, ya yalwata maka shi, ya yafe maka abin da ka yi da sani da wanda ba ka sani ba. Allah ya sanyaya yatsun nan da suka sha wuya. Allah ya haɗa mu a inda ba mai shiga tsakani. Amin.

Ni ce matarka, Umm Hanan. Ban samu ko kaset ɗaya ba tukuna, ban je asibitin ba, kuma ban yafe ba.