Shuɗin Haske a Gyaɗarmu

Litinin, 4 Nuwamba 2024
An kawo aparai, na'urar gwajin gyaɗa. Ɗaya tak, kuma Mardiyya aka ba. Mu biyu ƙungiyarmu ta manoman gyaɗa ta tura Maradi formasiyo, wato horon aikin, ni da ƙanwar tawa da na goya, na koya mata karatu. Wai ita hannunta ba ya rawa. To nawa rawar me yake yi? Na yi mata barka, murya kamar ta mai mura.

Laraba, 6 Nuwamba
Abin bai fi sabulun wanka girma ba. A ciki ake sa wani ɗan gilashi kamar farce, mai hanyoyi da suka fi gashi siranta. A jiƙa garin gyaɗa da ruwan magani a ƙaramin kofi, a ɗiga ɗigo ɗaya, ya bi hanyoyin har gaban wata 'yar fitila. In gyaɗar ta yi dafin fumfuna sai ɗigon ya ba da shuɗin haske, lamba ta hau. Duk na sani. Na ma fi ta sani. Amma ita mata ke kewayewa, har Inna na kiranta likita.

Asabar, 9 Nuwamba
Ta ɗinka farar riga. Wai farar riga.

Talata, 12 Nuwamba
Buhunan garin Gabi, shuɗi. Na Safo, shuɗi. Namu na Madarounfa ma haka. Mutumin da ke saye don yin abincin yara ya ce ko tiya ɗaya ba zai ɗauka ba. Malam Inusa, shugaban ƙungiya, ya ce ko dai gyaɗar ƙasar nan duk ta lalace, ko yarinyar ce ba ta iya ba. Allah ya yafe mini, yau har ƙarin tuwo na yi.

Laraba, 13 Nuwamba
Na shiga gida da hantsi, na tarar da Inna a gindin randa tana dirje kofunan gwajin da garin sabulu, irin mai sa fararen kaya ƙyalli. Ta ce kullum ita ke wankewa kafin Mardiyya ta fito, kayan likita ba su son datti. An gaya mana a formasiyo, wannan sabulun shi ma shuɗi yake yi a gaban fitilar. Mardiyya ta san haka, ba ta dai san Inna na taɓa mata kaya ba. Na ce wa Inna sannu da aiki, na wuce.

Alhamis, 14 Nuwamba
Malam Inusa ya aiko, in Asabar ta zo ba canji, ni za a damƙa wa aparai. Abin da nake so ke nan, ba zan ɓoye ba. Shiru kawai zan yi, shiru kuma ai ba ƙarya ba ne.

Juma'a, 15 Nuwamba
Mardiyya ta zo ido a kumbure. Wai mata sun daina amsa gaisuwarta a kasuwa, wata ta ce ta rufe musu bakin abinci. Sai ta miƙo mini abin da hannu biyu.
"Yaya, amshi. Ke kin hi ni iyawa, dama kowa ya sani."
Da gardama ta zo yi da na ji daɗi. Wannan kuwa ban san inda zan ajiye shi ba. Na ce ta zuba ruwa zalla a kofin ta gwada. Ya yi shuɗi. Na gaya mata na Inna. Ba ta tambaye ni tun yaushe na sani ba, ni ma ban faɗa ba.

Asabar, 16 Nuwamba
Sababbin kofuna. Buhu kaɗan ne suka faɗi gwajin, sauran mota ta kwashe. Malam Inusa ya tara jama'a yana yabon Mardiyya, wai da kanta ta gano matsalar. Ta buɗe baki, "Ai Yaya ce..." Na taka mata ƙafa. Don kada sunan Inna ya fito ne, ba wani abu ba.
Guɗar da aka ji kuwa, ban san daga bakina ta fito ba sai da mata suka waiwayo.