Gaton Madam da Tafiya Yamai

Gaya, ran Laraba

Zuwa ga Zalika, sanyin idona, inuwar giginya a tsakar rana, ruwan Kwara mai kashe ƙishin matafiyi! Gaisuwa da bege marar iyaka. Ina gajiya, ina mutanen Tunuga?

Zalika, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau.

Kin tuna ranar da kika kawo wagashi, cukun nan mai laushi, gidan Kumandan inda nake dafa abinci? Kin tarar da ni tsaye gaban tanderu kamar wanda aka yi wa rasuwa. Madam, matar Kumandan, ta sa ni gasa gaton cuku, wato kek, babba ɗaya da ƙanana goma sha biyu. Babban ya tsage kamar bakin fadama da rani, ƙananan sun bushe ƙayau. Sau biyu ke nan, kuma ta ce na uku shi ne sallamata. Kika aje ƙwarya, kika girgiza faranti da yatsa ɗaya, kika ce, "Haba Zakariya'u, abin nono ba a jiran ya ƙame kan wuta. In gefe ya kama, tsakiya tana ɗan motsi kamar kindirmo, fid da shi, ya ƙarasa da kansa in ya huce. 'Yan ƙananan kuwa, ai ba su kai rabin lokacin uwarsu." Wayyo muryar nan! Wace kurciya ce ta taɓa kuka mai daɗinta?

Ran Lahadi na bi maganarki. Na fid da ƙananan tun samansu bai yi ja ba, na bar babban har gefensa ya ɗan taso, tsakiya na rawa kaɗan. Ina cewa a raina ɗanye ne, na hallaka! Da ya huce, wuƙa ta ratsa shi sumul. Baƙi suka cinye har ɓurɓushi.

To ga abin da ya biyo baya, hasken raina. An yi wa Kumandan canji zuwa Yamai, Madam ta ce ƙafarta ƙafata, kamyo, babbar motar da za ta kwashe mu da kaya, zai tashi ran Asabar. Yamai, Zalika! Ina ni ina garin da ba a jin ƙarar munduwarki? Wa zan tsaya hange a bakin kogi ranar kasuwa?

Ban shawarci kowa ba. Jiya na zaunar da Garba, dattijon da ke yi masu wanki, na nuna masa yadda ake girgiza faranti, har ya gasa da hannunsa ya yi kyau. Na ce wa Madam ga wanda za ta tafi da shi. Ta dube ni, ta dube ni, ta juya ta shige ɗaki.

Yanzu ba ni da aiki. Zan gina ɗan tanderu kusa da mafitar jiragen ruwa in riƙa gasa burodi. Amma Babanki ya amsa gaisuwata ta neman aurenki ne ina ma'aikacin gidan Kumandan. Zai sake amsawa ina mai tallar burodi? Ke fa, farin watana? Na yi wauta ne? Don Allah ki aiko mini da kalma ɗaya ta bakin yayarki Bibata kafin Juma'a, ko mai ɗaci ce.

Ran Asabar kamyo zai tashi ba da ni ba. Ko kin ce i, ko kin ce a'a, a Gaya za ki same ni.

Naki har ranar da za a rufe ni da ƙasa,
Zakariya'u