Filon da Na Ɗinka Maka

Ya angona Abdullatif, jikana kuma maigidana, ruwan farkon damina, inuwar tsamiyar ƙofar gidanmu, nonon safe da ba a tsarma ba! Gaisuwa daga Kusada, daga amaryarka da haƙoranta suka rage huɗu, kuma duk huɗun kai suke jira su yi wa dariya.

Ƙanwarka Kamila ta kunna mani saƙonka a waya har sau uku. Ka ce kuɗin binciken farfesanka sun yanke, aikin taimakon da kake yi masa, wanda shi ke biya maka makaranta da ɗaki da abinci, zai ƙare da ƙarshen zangon nan. Ka ce akwai wani tallafi da ake nema kafin wata ya mutu, amma ba za ka cika takardar ba, gida za ka taho, don an gaya maka na faɗi a bakin rijiya. Wayyo ni Halimatu! Wane irin miji ne wanga, da zai zubar da karatun shekara guda don tsohuwa ta yi tuntuɓe da guga?

Ka tuna ranar da ka fara kawo mani zancen? Muna kan tabarma ina gyaran irin dawa, kai kana faɗa mani hanyoyin da ɗan talaka ke bi ya yi digiri na biyu a ƙasar Turawa. Ka ce akwai wadda za ka yi wa malami aiki, ka duba takardun ɗalibai, ka shayar da shukar gwaji, su kuma su ɗauke maka nauyi. Na ce ashe barantaka za ka tafi. Ka ce akwai wadda ta fi ta, sunanta feloshif, ba aiki sai karatu. Ni kuwa kunnena filo ya ji! Kafin la'asar na gama gaya wa matan unguwa Turawa na raba wa masu ƙoƙari filo, har Zinariya mai fura ta tambaya ko da zanen gado ake haɗawa. Ka yi dariya har ka kife mani faifai. Wannan dariyar, sanyin zuciyata, ita nake ji duk sanda iska ta kaɗa karan darni.

To yau ni ke da gaskiya. Shekara guda kana yi wa wani aiki, karatunka kana yin sa a tsaye. Abin da za ka nema yanzu filo ne, wurin da za ka aza kai ka ƙarasa abin da ya kai ka. Na san ka, ba rijiya kaɗai ta koro ka ba. Ka ce masu nema da yawa, ɗauka kaɗan. Su ƙi ka mana, amma su ƙi ka da bakinsu! Kai ne za ka ƙi kanka tun ba a tambaye ka ba? Je wurin farfesan ya rubuta maka shaida. Buga ƙofar ofishin taimakon ɗalibai har su gaji da fuskarka. Ka rubuta wa masu tallafin labarin ƙuduji, hakin nan da ya cinye gonar kakanka a Tafashiya, yadda ka tsinko mani furensa kana yaro don ya yi maka kyau, ba ka san shi ya bar rumbunmu wayam ba. Ba maganinsa ka tafi nema ba? Har yau yana nan yana cin gonakin mutane.

Ba zan yi maka ƙarya ba, hasken idona. Jikin ba daɗi. Ƙafar hagu ta ƙi ni, sau biyu ana kai ni asibiti Kankia, sallah ma a zaune nake yi. In na ji taku a zaure sai zuciyata ta tashi kamar kurciya, in leƙa in ga mai tallan mai ne. Ina son ganinka kamar yadda ƙasa ke son ruwa a ƙarshen bazara, wallahi ina so! Amma in ka shigo da jaka ba takarda, mi zan gani? Ciwona zan gani ya tsallaka teku ya karya maka ƙafa. Wannan shi zai kwantar da ni, ba rijiya ba.

Bari in tona maka asiri. Tun makon da ka tafi na sa aka kawo mani audugar rimi daga Rimaye, na ɗinka maka filo da atamfar nan shuɗiya da ka ce in na ɗaura ta za ka ƙara mani sadaki. Ɗinkin ya karkace, idon ba kamar da ba. Yana ƙasan akwatina.

Nemi nasu, ka gama, ka zo ka karɓi nawa. In ka iske ni, da hannuna zan miƙa maka, in yi maka gori har ka nemi wurin ɓuya. In Allah ya yi ba ka iske ni ba, Kamila ta san inda makulli yake. Ka aza kanka, ka yi barci, ba ka yi mani laifi ba.

Cika takardar nan yau, ba gobe ba.

Taka har ƙasa ta rufe mani ido, wadda tsofaffin Kusada suka yi ta kawo wa goro tana ce masu tana da miji a makaranta,

Adda Halimatu