Layi na Goma Sha Uku

Talata. Ƙarfe bakwai: na canja wa tantabaru ruwa, na haska idon kowacce da tocila.

Ya hasken idona, inuwata ta tsakar rana, ruwan sanyin da nake kurɓa bayan doguwar tafiya, Maman 'yan biyu!

Yau kwana huɗu kina gidan Yaya, ni kuwa ko kekenki na ɗinki na kasa kallo. Sau uku ina fara wannan takarda a littafin aiki ina yagewa. Da wane baki zan fara?

Ga yadda abin ya faru. Likitar da nake kula wa da tsuntsaye a ɗakin bincike ta nuna min wasu 'yan ƙananan jijiyoyi a bayan idon tsuntsu, saƙe da juna kamar zaren kekenki. Ta ce a nan cikin idon suke daidaita gudun jini, ba komai suke jiran ƙwaƙwalwa ta faɗa musu ba. Sai ta ƙara da dariya cewa tsuntsu yana iya tsuke baƙin idonsa in ya ga dama, amma mutum ba ya iyawa. Nasa buɗewa yake idan ya ga abin da ransa ke so.

Da ma ban ji ba! Shekara goma sha shida ina tambayar kaina abin da mace kamarki, farin wata bayan hadari, ta gani a jikin mai share kashin tsuntsaye. Sai na ɗauko littafin aiki, a ƙarƙashin tantabaru goma sha biyu na ja layi na goma sha uku, na baƙin idonki. Da safe kin miƙo min shayi: ya buɗe. Da yamma a bakin ƙofa: bai buɗe ba. Ranar ko abinci ban ci ba. Kwana arba'in ina wannan shirme, alhali na san rana ce ke dukan bakin ƙofarmu, ɗakin girki kuwa da duhu. Ni da nake riƙe tocila kullum!

Da kika tsinci littafin a aljihuna ranar wanki, ba ki ɗaga murya ba. Cewa kawai kika yi saura in ɗaura miki zobe a ƙafa kamar tantabara. Wallahi da mari kika yi min, da ya fi sauƙi.

Kin tuna ranar da ƙurar gashin tsuntsu ta shige min ido, na dawo ina hawaye yara suna min dariya? Kika kama fuskata da hannu biyu, kika ce in daina raki kamar jariri, kika hura. Idonki bai taɓa kusantar nawa kamar ranar ba, kuma ban tuna ko ya buɗe ko bai buɗe ba. Ɗumin tafin hannunki kawai na tuna. Wace shaida kuma nake nema bayan wannan, ni wawa?

Ki dawo, sanyin raina. Ki harare ni, ki kau da kai, ki yi wata guda ba ki kalle ni ba. Ba zan rubuta ba. Ni naki ne har ranar da za a rufe min nawa idon, kuma hannunki nake roƙon Allah ya rufe shi.

Mijinki mai jin kunya.

Gobe, in Allah ya kai mu:
Wanke kejin ta bakwai.
Gaya wa Likita dalilin da shafi shida suka ɓace daga littafinta.
Zuba wa kekenki mai.
Zuwa gidan Yaya bayan la'asar. Barin biro a gida.