Akwatin Maganaɗisuna Yana Kulle a Sito

Zuwa ga: Mai Girma Daraktan Kula da Makarantun Sakandare
Daga: Tsohon malamin kimiyya, mai ritaya
Kwanan wata: 14 ga Oktoba

Game da: Hana ni shiga ɗakin gwaje-gwaje da riƙe kayan koyarwata

Yallaɓai,

Bayan gaisuwar ban girma, ina neman izinin gabatar da kokena.

Da na yi ritaya, mai ɗakina kuma ta rasu, sai na roƙi tsohon shugaban makarantar unguwarmu ya bar ni in riƙa koyar da 'yan aji uku kowace Asabar, kyauta. Ya amince. Da kayana nake zuwa: maganaɗisu, batura, wayar tagulla, ƙananan ƙwayayen fitila.

1. Ranar 6 ga Satumba muna haɗa maganaɗisun lantarki. Ana naɗa waya a jikin ƙusa, a jona bakinta biyu da batir, sai ƙusar ta kama allurai. Da an cire, su zube. Abin ya burge wata ɗaliba har ta ƙi sakin wayar, wayar ta yi zafi, ta ɗan ƙona mata yatsa. Na zuba mata ruwan sanyi, na raka ta gida da ƙafata. Mahaifinta, mai gyaran babura, dariya ya yi, ya nuna mini tabon hannuwansa.

2. Ranar 8 ga Satumba sabon shugaba ya ba da umarnin kada in sake shiga makarantar. Ba a kira ni ba, ba a ji ta bakina ba. Maigadi ne ya sanar da ni a bakin ƙofa, kansa a sunkuye, domin ni na koyar da ƙanensa.

3. Akwatin kayana da na bari a ɗakin gwaje-gwaje, an kulle shi a siton makarantar. Na rubuta ina nema, shiru kamar an shuka dusa.

4. Jarrabawar gwaji tana tafe a watan gobe, makarantar kuma ba ta da malamin wannan fanni. Yaran suna kwafar zanen kewayen lantarki daga allo. Wanda bai taɓa danna makunni da hannunsa ya ga fitila ta kama ba, me zai yi in an ajiye masa waya da batir?

5. Wannan na san ba hurumin ofishinka ba ne, a gafarce ni. 'Ya'yana suna nesa, sai dai a waya. Har yanzu in Asabar ta zo nakan goge rigata kafin in tuna. Ina zaune a ƙofar gida yaran ke wucewa, su gaishe ni daga nesa su ƙara sauri, don an gargaɗe su. Ranar 4 ga Oktoba mai yatsar ta tsaya, ta nuna mini ƙusar da ta naɗe da kanta, naɗi mai kyau, ba harɗewa. Ba ta da batir. Nawa kuma suna sito.

Saboda haka, Yallaɓai, ina roƙon a bincika, a saurare ni, a bar ni in koma, ko da wani malami zai riƙa tsayawa a kaina. In hakan ba zai yiwu ba, kada a dawo mini da akwatin. A buɗe wa yaran shi kafin baturan su tsiyaye su ci wayoyin. Ba sai an ce musu daga gare ni yake ba.

Allah ya ƙara girma, ya sa a gama lafiya.

Naka mai biyayya,
(sa hannu)
Tsohon malamin kimiyya