Hotunan da Aka Shanya a Igiya

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali? Mu nan ambaliya ta janye, ta bar mana laka har gwiwa. Ba a rasa rai a layinmu ba, alhamdu lillahi. Amma hoton Baba ya tafi. Ka san shi kenan guda, tunda marigayi bai taɓa yarda da kyamara ba, ko da 'yarsa ce ke riƙe da ita. Inna ta tsamo shi a laka, ta sa gefen zani ta goge. Yaya, jiƙaƙƙen hoto ai ba a goge shi! Fuskar ta bi zanin, sai hula da riga suka rage. Tun ranar ba ta cin abinci sai an matsa mata, wai ita ta share shi da hannunta.

Ni kuwa na ɗaura igiya a ƙofar shagona. Duk mai jiƙaƙƙen hoto ya kawo, in ɗauraye a ruwa mai tsabta, in shanya a inuwa, in sake ɗauka. Zan samo wa Inna fuskar Baba, ka rubuta ka ajiye.

Ƙanwarka mai hoto.

Ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Ina yi muku jaje, Allah Ya mayar da alheri. Amma ke ma dai! Jama'a na kwasar laka, ke kina shanyar takardu. A ina za ki samo fuskar mutumin da ke ɓuya bayan ƙofa in ya hango ki? Kada ki sa wa Inna rai a banza. Ki haɗa mata kayanta, ƙarshen wata zan zo in tafi da ita. Nisa zai rage mata zafin abin.

Yayanki.

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Inna ta ce ba inda za ta, kuma ina bayanta. Da ka ga ƙofar shagon nan da ba ka ce takardu ba. Mutanen da ko katifa ba su tsira da ita ba, su ne ke tsaye gaban igiya suna ƙyaƙyata dariya, suna nuna wa juna wandunan da suka sa shekara ashirin baya. Ni ma in ba don aikin nan ba da kuka zan zauna yi.

To, buɗe ambulan. Jiya mai gyaran rediyo ya kawo nasa hotunan. A cikinsu akwai hoton da ya ɗauki kansa ta madubi, yana zaune a kujerar shagon askin Baba, ranar da ya sayi kyamara. Baba ya kauce wa kyamarar, ya manta da madubin! Ga shi nan a baya, almakashi a hannu, yana dariya. Na ƙara girmansa na kai wa Inna. Ta daɗe tana kallo, hannuwanta a bayanta don kada ta taɓa. Sai ta ce, "Ji shi, wuyan riga a karkace kamar kullum." Daga nan ta tambaya ko akwai sauran abinci.

Taka mai shanyar takardu.

Ƙanwata,

Na gani. Ki bar Inna a ɗakinta, ki ƙara igiya, ina nan tafe in taya ki shanya.

Shekara tara da rasuwarsa, wallahi na manta Baba yana da wushirya.

Yayanki.